Jijiyar Ratse: Yadda Aka Fara Yi Wa Zuciyar Jarirai Aiki

A cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, kimanin 8 zuwa 9 suna zuwa duniya da wani lahani a ginin zuciyarsu. Babu wata nakasar haihuwa da ta kai wannan yawa. Wani rami ne a bangon da ya raba ɗakunan zuciyar, wani hanyar jininsa ce ta tsuke, wani kuma manyan jijiyoyinsa biyu ne suka yi musayar gurbi. Har zuwa shekarar 1938, iyakar abin da likita zai yi wa irin wannan yaro shi ne ya saurari ƙirjinsa, ya faɗa wa iyaye sunan ciwon, ya ba su haƙuri. Cikin shekara 40 da suka biyo baya al'amarin ya juye gaba ɗaya, kuma kusan kowane mataki da aka taka ya rataya ne a kan wata 'yar gajeruwar jijiya wadda tsawonta a jikin jariri bai wuce kimanin santimita ɗaya ba.

Zuciyar mutum ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iskar oksijin. Ɓangaren hagu yana karɓar wanda ya dawo daga huhu ya watsa shi ko'ina ta babbar jijiyar da ake kira awota. Wannan tsarin wanda ke numfashi ke nan. Ɗan tayi kuwa ba ya numfashi. Huhunsa cike yake da ruwa, iskarsa da abincinsa daga mabiyiya suke zuwa ta igiyar cibiya. Zuciyarsa takan fara bugawa tun wajen kwana 22 da shigar ciki, gininta ya kammala kusan mako na 8, amma ba ta da dalilin tura jini mai yawa zuwa huhun da bai fara aiki ba. Saboda haka aka yi masa hanyoyin ratse guda uku. Ta farko tana sa jinin da ya taho daga cibiya ya kauce wa hanta. Ta biyu wata 'yar ƙofa ce mai marfi tsakanin ɗakuna biyu na sama, jini ya ƙetara ta cikinta daga dama zuwa hagu. Ta uku ita ce jijiyar da ta haɗa jijiyar huhu da awota, wadda likitoci ke kira daktus. Jinin da ya kamo hanyar huhu sai ya bi ta cikinta ya zarce jiki.

Da jariri ya faɗo ya tsala kukan farko, huhu ya buɗe, jini ya kwarara cikinsa. Wanda ya dawo ɗakin hagu na sama sai ya danne marfin ƙofar nan ta rufe. An yanke cibiya, oksijin ya ƙaru a jini, sai jijiyar ratse ta fara matsewa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku takan daina wuce da jini, cikin mako biyu zuwa uku ta toshe ta zama kamar igiya. Idan ta ƙi rufewa, jini yakan riƙa komawa huhu fiye da kima, zuciya ta wahala. Idan kuma jaririn yana da wani lahani da ya toshe masa hanyar huhu, to rayuwarsa a kanta ta dogara, ranar da ta rufe ranar zai fara shiɗewa.

Sanin wannan bai zo da sauri ba. Jalinusu, likitan nan da aka haifa a garin Fargamon na ƙasar Turkiyya ta yau a shekara ta 129, ya fede dabbobi da 'yan tayinsu, ya ga ƙofar ya ga jijiyar, har ya lura cewa suna rufewa bayan haihuwa. Amma ya tafi a kan cewa jini na ratsawa daga ɗakin dama na ƙasa zuwa na hagu ta wasu ƙananan huji da ido ba ya gani. Fiye da shekara dubu ana karantar da haka. Wanda ya fara musantawa shi ne Ibnun Nafis, mutumin Sham da ya yi aikin likita a Alƙahira. A sharhin da ya yi wa babin halittar jiki na littafin Alƙanun na Ibnu Sina wajen 1242, ya ce bangon nan ba shi da huji ko ɗaya, dole jini ya bi ta huhu kafin ya isa hagu. Maganarsa ta kwanta a cikin rubuce-rubucen hannu har 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya tono ta a wani ɗakin karatu na Berlin. A 1628 William Harvey na Ingila ya fitar da littafinsa da ya tabbatar da cewa jini zagaye yake yi, ya kuma kafa hujja da ɗan tayi: hanyoyin ratsen nan suna nan ne domin huhu bai fara aiki ba, da ya fara sai a rufe su.

Daga nan likitoci suka shiga tara bayanin zukatan da suka zo a karkace, duk daga gawa. Niels Stensen ɗan Denmak ya bayyana wata irin zuciya a 1671. A 1888 Étienne-Louis Fallot na birnin Marseille a Faransa ya nuna cewa yawancin yaran da fatarsu ke yin shuɗi lahani huɗu ne suka taru musu a zuciya guda: rami tsakanin ɗakunan ƙasa, tsukewar hanyar huhu, awota da ta hau kan ramin maimakon ta tsaya a hagu, da kaurin naman ɗakin dama. Har yau da sunansa ake kiran wannan ciwo. A Montreal ta Kanada, Maude Abbott, wadda jami'ar McGill ta ƙi ɗauka karatun likita saboda mace ce, ta dawo ta zama mai kula da ɗakin ajiyar sassan jiki na jami'ar. A 1936 ta fitar da kundi mai zane-zane wanda ta gina a kan nazarin zukata 1,000, ta rarraba lahanin gida-gida. A 1939 kuma Joseph Barcroft da abokan aikinsa a Ingila suka ɗauki hoton eksire mai motsi na ɗan tayin tunkiya, aka ga jini na bin hanyoyin ratse a jiki mai rai, aka ga yadda jijiyar ke matsewa bayan haihuwa.

Duk da haka likitocin tiyata suna tsoron zuciya. A 1896 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya rubuta cewa aikin zuciya ya riga ya kai iyakar da halitta ta gindaya masa. A wannan shekarar ce Ludwig Rehn ya ɗinke zuciyar wani da aka soka wa wuƙa a Frankfurt, mutumin ya rayu, amma tsoron bai gushe ba. Jijiyar ratse ce ta ba da ƙofar shiga, domin a wajen zuciya take, ana iya kai mata hannu ba tare da an tsaga zuciyar ba. Tun 1907 John Munro na Boston ya kawo shawarar a riƙa ɗaure ta idan ta ƙi rufewa. Sai bayan shekara 31 aka yi nasara.

Wanda ya yi shi ne Robert Gross, matashin likita mai shekara 33 a asibitin yara na Boston. Ya gwada aikin a kan karnuka da gawarwaki har hannunsa ya faɗa. Maigidansa William Ladd bai yarda a yi wa ɗan mutum ba. Gross ya jira Ladd ya tafi hutu, ranar 26 ga Agusta, 1938, ya buɗe ƙirjin wata yarinya 'yar shekara 7 wadda ko wasa ba ta iya yi da sa'o'inta, ya zagaya jijiyar da zaren siliki ya ɗaure. Ƙarar da ake ji a ƙirjinta kamar ta inji ta ɗauke nan take. Yarinyar ta tashi, ta girma, ta yi aure, ta tsufa har ta ga jikoki. Ladd kuwa da ya dawo ransa ya ɓaci, tsakaninsu bai sake yin daɗi ba. A 1944 Clarence Crafoord na Stockholm ya yanke wurin da awota ta tsuke a jikin wani yaro ya haɗa bakin biyu, shi ma a wajen zuciya.

A birnin Baltimore akwai wata likita da ta karanta labarin Gross ta fahimci wani abu daban. Helen Taussig an haife ta a 1898. Karatu ya ba ta wuya tun tana ƙarama domin haruffa na rikice mata, jami'ar Harvard kuma ta ce tana iya zama a aji amma ba za a ba mace digiri ba. Ta tafi jami'ar Johns Hopkins ta Baltimore ta gama a 1927, a 1930 aka ba ta sashen ciwon zuciya na yara. Tana cikin aikin jinta ya fara raguwa, har ta koyi sauraren zuciya da yatsunta, tana ɗora su a ƙirjin yaro tana jin rawar da jini ke yi. Ta kuma dage da kallon zukatan yara a allon eksire. Yara masu ciwon Fallot suna zuwa mata da leɓe shuɗi da kan yatsu a kumbure, in sun ɗan taka sai su tsuguna su huta. Abin da ta lura da shi shi ne, jariran da jijiyar ratsensu ta daɗe a buɗe sun fi samun sauƙi, kuma da zarar ta rufe sai shuɗin ya tsananta. A lokacin ana ɗauka zuciyarsu ce ke gazawa. Ita ta ce jini ne bai isa huhu ba. Idan har mutum zai iya ɗaure wannan jijiya, me zai hana ya ƙera wata?

Ta je Boston ta kai wa Gross maganar, bai karɓa ba. A 1941 sai Johns Hopkins ta ɗauko Alfred Blalock daga jami'ar Vanderbilt ya shugabanci sashen tiyata. Blalock ya yi suna ne a binciken da ya nuna cewa abin da ke kashe wanda ya ji mummunan rauni shi ne raguwar jini da ruwan jiki, binciken da ya ceci sojoji da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya gindaya sharaɗi cewa ba zai zo ba sai da mataimakinsa, Vivien Thomas.

Thomas baƙar fata ne, an haife shi a jihar Louisiana a 1910, ya tashi a Nashville. Ɗan kafinta ne, shi ma kafinta. Ya tara kuɗi don ya yi karatun likita, sai karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta raba shi da aiki, bankin da ya yi ajiya ya rushe da kuɗinsa. A 1930 ya samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen Blalock. Cikin ɗan lokaci ya iya sa wa dabba maganin barci, ya iya fiɗa, ya iya ɗinkin jijiya fiye da likitocin da ke da takarda, amma a littafin albashi matsayin mai shara aka rubuta masa. A Baltimore ya tarar da wariya ta fi ta Nashville tsanani. Baƙaƙen da ke asibitin kusan duk masu shara ne, ranar da ya ratsa baranda da farar rigar aiki sai da mutane suka tsaya kallonsa.

A 1943 Taussig ta gabatar musu da buƙatarta. Blalock da Thomas suka tuna wani gwaji da suka taɓa yi a Vanderbilt, inda suka karkato jijiyar da ke kai jini hannu suka jona ta da jijiyar huhu a jikin kare don su haddasa hawan jini a huhu. Abin da suka nema bai samu ba, amma ɗinkin ya riƙe. Aka bar wa Thomas aiki biyu: ya fara sa wa kare irin ciwon yaran, sannan ya warkar da shi. Ya yi aiki a kan karnuka kusan 200. Babu allurar ɗinki da ta yi daidai da jijiyar jariri, sai ya yanke manya ya wasa su da hannunsa. Wata karya mai suna Anna ce ta fara daɗewa a raye bayan aikin, har aka rataye hotonta a asibitin.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1944, aka shigo da wata jaririya 'yar wata 15 wadda nauyinta bai wuce kilo 4 ba. Blalock bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba ko a kan kare, sau ɗaya ya taya Thomas. Don haka ya sa aka kira Thomas, aka ajiye masa ɗan abin takawa a bayan kafaɗarsa, ya tsaya yana leƙawa yana faɗa masa inda zai sa allura da tazarar ɗinki. Taussig tana tsaye wajen kan yarinyar. Aka jona jijiyar hannu da ta huhu, aka saki matsi, jini ya wuce. Yarinyar ta samu sauƙi ta koma gida, amma bayan wasu watanni shuɗin ya dawo, aka sake yi mata aiki, ba ta yi tsawon rai ba. Na biyu da na uku da aka yi a farkon 1945 sun yi kyau. Na ukun yaro ne ɗan shekara 6 wanda leɓɓansa suka koma ja tun yana kan gadon tiyata.

A watan Mayun 1945 rahoton ya fito a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka da sunan Blalock da Taussig. Iyaye suka yi ta tururuwa zuwa Baltimore daga ciki da wajen Amurka, cikin 'yan shekaru waɗanda aka yi wa aikin suka haura 1,000. A 1947 Blalock da Taussig suka je Landan da Faris suka nuna yadda ake yi. Sunan Thomas bai fito a rahoton ba, bai fito a jaridu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai lokacin da yake raba abin sha a liyafar gidan Blalock don ya cike gibin albashi, yana miƙa kofi ga likitocin da ya koyar da safe. Bikin cikar Blalock shekara 60 an yi shi a otal ɗin da ba ya karɓar baƙaƙe, ba a gayyace shi ba. Amma manyan likitocin zuciya na Amurka da dama, irin su Denton Cooley, a hannunsa suka koyi ɗinkin jijiya. Su ne suka haɗa kuɗi aka zana hotonsa aka rataye a asibitin a 1971. A 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa ta sa shi cikin malamanta. Ya rasu a 1985, Taussig ta bi shi a 1986. Yanzu likitoci da yawa suna kiran aikin da sunan mutum uku, Blalock da Thomas da Taussig.

Jijiyar da aka ƙera sauƙi take kawowa, ba ta gyara ramin da ke ciki. Kafin a gyara shi sai an tsayar da jini daga shiga zuciya, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure fiye da 'yan mintoci. A Satumban 1952 John Lewis na jami'ar Minnesota ya sanyaya jikin wata 'yar shekara 5 don ya rage mata buƙatar oksijin, ya ɗinke ramin ɗakunan sama cikin minti biyar da ɗoriya. Ranar 6 ga Mayu, 1953, John Gibbon na Philadelphia ya yi amfani da injin da ya shafe kusan shekara 20 yana ƙerawa, mai yin aikin zuciya da huhu, ya gyara zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18. Marasa lafiyar da suka biyo baya sun mutu, Gibbon ya ajiye aikin zuciya. Sai Walton Lillehei, shi ma a Minnesota, ya koma ga tsarin ɗan tayi. Ya kwantar da uba ko uwa kusa da yaron, ya haɗa jijiyoyinsu da bututu da famfo, huhun babba yana yi wa ƙarami numfashi kamar yadda mabiyiya ke yi. Ya fara ranar 26 ga Maris, 1954. Ya yi irin wannan aiki 45, yara 28 suka fita asibiti da ƙafarsu, a cikinsu har da na farko da aka gyara wa ciwon Fallot daga tushe. Haɗarin yana kan mutum biyu, don haka da John Kirklin na asibitin Mayo ya inganta injin Gibbon a 1955, aka bar wannan hanya.

Saura jariran da ba sa kaiwa lokacin tiyata, masu mutuwa a makon farko. A 1966 William Rashkind na Philadelphia ya zura siririn bututu mai balan-balan a baki ta jijiya har cikin zuciyar jaririn da manyan jijiyoyinsa suka yi musayar gurbi, ya ratsa ƙofar nan ta ɗakunan sama, ya hura balan-balan ɗin ya fizgo, ƙofar ta yage, jinin ɓangarorin biyu ya gauraya. A 1975 Adib Jatene na São Paulo a Birazil ya yi nasarar mayar da jijiyoyin kowace gurbinta. A 1973 Flavio Coceani da Peter Olley na Toronto suka gano, a jikin 'yan tayin tumaki, cewa wani sinadari mai suna furostagilandin ne ke riƙe jijiyar ratse a buɗe. A 1975 likitoci a Auckland ta Niyu Zilan suka ɗura shi ga jarirai masu shiɗewa, jijiyar ta sake buɗewa. A 1976 wasu likitoci a California suka nuna akasin haka: maganin indometasin, wanda ke hana jiki yin sinadarin, yana rufe ta a jikin bakwaini ba tare da wuƙa ba. Daga 1938 zuwa 1976 an koyi ɗaure ta, an koyi ƙera ta, an koyi buɗe ta da rufe ta da magani.

Sababin lahanin a yawancin yara ba a iya nuna shi da yatsa. An dai san wasu. A 1941 Norman Gregg, likitan ido a Sydney ta Ostireliya, ya gano cewa matan da suka yi rubela, wato ƙyandar Jamus, a farkon ciki suna haifar yara da yanar ido da ciwon zuciya. Ciwon sukarin uwa da ba a kula da shi ba, da shan giya, da wasu magunguna, da wasu matsalolin gado, duk suna ƙara haɗarin.

A ƙasashe masu wadata, kusan 9 cikin 10 na waɗannan yara yanzu suna kaiwa girma. A Najeriya an yi aikin buɗe zuciya na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu a 1974, kuma ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu, wanda aka yi wa aikin zuciya a Amurka a 1996, ya kafa gidauniya a 2000 don taimaka wa yara masu wannan lalura. Har yau cibiyoyin da ke yin aikin kaɗan ne, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, jarirai da yawa kuma a gida ake haifar su, ba wanda ya saurari ƙirjinsu. A fatar baƙin mutum shuɗin ba ya fitowa a fuska, sai an duba leɓe da harshe da dasashi da farce. Jaririn da ke haki, ko yake gumi yana sakin nono yana hutawa, ko ya ƙi ƙara nauyi, ko ciwon ƙirji ya riƙa dawo masa, a kai shi asibiti a nemi a auna oksijin ɗin jininsa a kuma yi wa zuciyarsa hoto. Mai ciki ta je awo, ta yi hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22, kada ta sha maganin da likita bai rubuta mata ba. Wasu ƙananan ramukan da kansu suke rufewa, da yawa daga cikin manyan kuma suna gyaruwa idan an gano su da wuri.